Hoto Ya Ce Ba Karaya

Ƙannena, samari da 'yan mata, akwai maganar da ke sanyaya zuciyar kowa a bakin ɗakin ɗaukar hoto na asibiti: "Alhamdu lillahi, ba karaya." Da an faɗe ta fuskoki sun saki, a shiga kiran gida ana ba da albishir, wani ya fita neman adaidaita. Galibi hamdalar a kan hanya take, domin yawancin waɗanda suka faɗi suka tashi, sun tashi ke nan. Sai dai akwai wani rauni da ba ya taɓa ƙashi, hoton ƙashi ba ya ganinsa, kuma yakan bar mutum ya miƙe da ƙafafunsa, ya kakkaɓe riga, ya ci tuwon dare, sannan washegari ko jibi a tashe shi sallar asuba ƙafa ta ƙi motsi. Ku na zaɓa in yi wa maganarsa, ban kai ta zauren iyayenku ba, saboda ku ne a wurin in abin ya faru. Ku ke filin ƙwallo, ku ke bisa mangwaro, ku ke goya juna a babur, ku ake bar wa ƙanne in an tafi unguwa. Kafin babba ya iso, abin da ya kamata a gani ya riga ya wuce, sai wanda kuka gani kuka riƙe.

Gadon baya ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, ɗaya bisa ɗaya: bakwai a wuya, goma sha biyu a saitin ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, biyar a ƙugu, ragowar sun manne da juna a can ƙasa. Kowanne da rami a cikinsa, ramukan suka haɗu suka ba da hanya guda, laka ta bi ta ciki tun daga ƙeya har zuwa saman ƙugu. Wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya gan ta, fara ce, mai laushi, da farce ma ana iya latse ta. A jikin babban mutum kaurinta bai fi na ƙaramin yatsa ba, tsawonta kamar santimita 45. Duk umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa hannu da ƙafa ta nan yake sauka, duk zafi da sanyi da taɓawa ta nan suke hawa, riƙe fitsari da bayan gida ma ta nan ne. Jijiyar da ke motsa babbar tsokar numfashi kuwa daga saitin ƙashi na uku zuwa na biyar na wuya take fita, shi ya sa raunin saman wuya kan kashe mutum ba tare da ɗigon jini ya zuba ba. Ƙashi in ya karye yana ɗoruwa, mun sha gani. Ɓangaren lakar da ya mutu, har yau likitoci ba su da hanyar tayar da shi.

A 1982 wasu likitoci biyu masu tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a birnin Pitsbag na Amurka, Dachling Pang da James Wilberger, suka fitar da bayanin yara 24 da aka kwantar a asibitin yara na garin. Dukansu laka ta ji rauni, dukansu kuma hotunan da ake iya ɗauka a lokacin ba su nuna karaya ko gocewar ƙashi ba. Su ne suka raɗa wa matsalar sunan da likitocin duniya ke kiranta da shi har yanzu, SCIWORA. Abin da ya fi tayar da hankali a bayanin nasu shi ne, fiye da rabin yaran kaɗan ba su shanye a take ba. Shanyewar ta zo daga baya, wasu bayan ɗan lokaci, wasu har bayan kwana huɗu. Da aka zauna da yaran aka tambaye su a tsanake, sai yawancinsu suka tuna cewa a daidai lokacin buguwar sun ji wani abu na ɗan lokaci: sagewa, ko tsira-tsira kamar allurai, ko jiki ya mutu musu na 'yan daƙiƙu sannan ya dawo. Wannan ɗan abin da ya zo ya wuce shi kaɗai ne gargaɗin da jiki ya bayar, kuma ba wanda ya san da shi sai yaron.

Me ya sa yara? Ƙashin bayan yaro bai gama ƙwari ba. Wani ɓangarensa guringuntsi ne, jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓinsa masu miƙewa ne, wuraren da ƙashi ke hawa kan ƙashi kuma a shimfiɗe suke, suna barin ɗaya ya zame bisa ɗaya ya koma. Ga kai babba a kan wuya siriri wanda tsokarsa ba ta yi ƙarfi ba, musamman a yaron da bai kai shekara takwas ba. Tun 1960 wani likita mai suna Leventhal ya nuna cewa gadon bayan jariri na iya miƙewa har inci biyu, kusan santimita biyar, bai tsinke ba, alhali lakar da ke ciki da ta miƙe rubu'in inci ta yage. To in yaro ya faɗo ta ka, ko mota ta fizge shi, ƙasusuwan sai su buɗe ko su zame na ƙiftawar ido, su ja laka ko su matse ta, su koma mazauninsu kamar ba a yi ba. A kai shi ɗakin hoto, hoto ya faɗi gaskiyarsa: ƙashi yana nan daram. Hoton bai yi ƙarya ba. Eksire, tun da Röntgen ya gano shi a Jamus a 1895, ƙashi yake nunawa. Siti sikan da ya zo a farkon shekarun 1970 ya fi shi ido nesa ba kusa ba, amma shi ma gwanintarsa a ƙashi take. Wanda ke ganin laka kanta, da kumburinta da jinin da ya taru a jikinta, shi ne hoton maganaɗisu, wanda za ku ji ana ce masa Em-Ar-Ai, shi kuwa ba kowane asibiti ke da shi ba, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Sauran tambaya ita ce ta jinkirin. In laka ta bugu da la'asar, me ya hana ƙafa mutuwa da la'asar ɗin? Kun san mangwaron da ya faɗo daga sama: ka ɗauka ka juya, ɓawo lafiya lau, sai gobe ka ga gefen da ya bugu ya yi baƙi ya lotse. Bugun farko yakan kashe kaɗan, ya jigata da yawa. Wurin da ya jigata sai ya fara kumbura, ga shi kuwa laka a cikin ramin ƙashi take, ba ta da inda za ta faɗaɗa. Tana kumbura tana matse ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita, jini na raguwa wasu sassan na ƙara mutuwa, mutuwarsu na ƙara kumburi. Wannan ɓarna ta biyu takan ɗauki sa'o'i zuwa kwanaki. Wani lokaci kuma wata jijiyar jini ce ke tsagewa a bayan rigar laka, jini ya riƙa tsatsafowa a hankali har ya zama gudan da zai danne ta. Akwai hanya ta uku, wadda ta fi ba ni takaici domin a hannunmu take: jijiyoyin da ke riƙe gaɓar sun sassauta a faɗuwar farko, mutum ya tashi ya ci gaba da harkarsa, yana waiwaye, yana sunkuyo, ya hau babur a bi da shi hanya mai gargada, kowane motsi na sake gogar lakar da ta riga ta ji jiki. Tsakanin bugun farko da shanyewa, ashe akwai lokacin da ake iya cetar abu mai yawa. A wannan lokacin ne mu kuma muke cewa ya samu sauƙi.

Don haka ga abin da nake roƙonku, kuma shi ne kan maganata. In ka faɗi, ko aka kayar da kai a kokawa ka sauka ta wuya, ko ka yi alkafura ta ƙwace maka, ko ka yi nutso a kududdufi kanka ya daki ƙasa, ko doki ya zubar da kai, sannan ka ji wani abu ya ratsa bayanka zuwa ƙafa kamar wutar lantarki ta ja ka, ko tafukan hannunka biyu suka ɗauki zafi kamar an zuba garwashi, ko ka ce wa ƙafarka tashi ta ƙi na ɗan lokaci, to ka faɗa. Ko ya wuce, ka faɗa. Likitocin 'yan wasa suna da ƙa'ida a kan wannan: sagewar hannu ɗaya da ta wuce cikin mintuna, sau da yawa jijiyar kafaɗa ce aka ja, amma in hannu biyu ne, ko ƙafa biyu, ko hannu da ƙafa, ana ɗaukar cewa laka ce har sai bincike ya nuna akasin haka, kuma ɗan wasan ba ya komawa fili.

Na san abin da ke rufe muku baki. Na farko tsoron duka. Yaron da aka hana hawa itace ya hau ya faɗo, abin da ke ransa shi ne kada Baba ya ji. Saurayin da ya saci makullin babur ɗin yayansa ya zube a kwana, ya fi damuwa da fashewar fitila a kan wuyansa. Yarinyar da ƙaninta ya suɓuce daga goyonta ya faɗi ta ƙeya, ya yi kuka ya yi shiru, za ta share masa ƙasa ta yi kamar ba a yi ba. Na biyu kuma jarumta: an kayar da kai a gaban jama'a, ana kallo, ka miƙe da sauri kana dariya don kada a ce ragon namiji. Ban raina ko ɗaya ba, kowa ya yi ƙuruciya ya san nauyinsu. Amma ku auna da kanku. Bulala goma a yau, zafinta bai kai jibi ba. Faɗan yaya a kan fitila, wata guda an manta. Ɗaya ɓangaren kuwa keken guragu ne da robar fitsari, da uwa tana juya ɗanta mai gemu duk bayan sa'a biyu don kada gyambon kwanciya ya ci shi. Ku kuma da kuka fara girma, har an fara ce muku Yaya da Anti, ku zama irin manyan da ƙanne ke iya gaya wa abu. In yaro ya zo ya ce ya faɗo, a ajiye faɗa sai gobe, a fara da tambaya: ta ina ka sauka, me ka ji a hannunka, ka iya tashi nan take?

Shirun nan yana da wata illa da ta fi ƙarfi a wajenmu. In ƙafafun yaro suka mutu ranar Laraba, faɗuwar kuma ta Litinin ce da ba wanda ya sani, babu mai haɗa su. Ba ciwo a jiki, ba kumburi, ba zazzaɓi. Sai a shiga lissafin wasu abubuwa: iska ce ta taɓa shi, ya bi ta ƙarƙashin tsamiya da magariba, jifa ne, ko shan inna. A yi hayaƙi, a yi tofi, a kira mai ɗori ya murza baya ya ja ƙafa, kwanaki suna tafiya. Ban hana kowa addu'a ba, ana yinta a cikin mota, ana yinta a bakin gadon asibiti. Masu ɗori kuma sun ɗora hannuwa da ƙafafu da yawa a ƙasar nan, ba na musu. Amma baya da wuyan da laka ta taɓu a cikinsu ba wurin murza ba ne, ja da lanƙwasa na iya ƙarasa abin da faɗuwa ta rage. Kalma ɗaya daga bakin abokin da ya gani, "ai shekaranjiya ya faɗo daga katanga," ta isa ta juya akalar gidan gaba ɗaya zuwa asibiti.

Wani lokaci ma zargi ake yi. Tunda hoto ya ce lafiya, sai a ce lambo yake, ba ya son makaranta, ko tana son a tausaya mata. Wannan zargin ya tsufa. A Ingila, zamanin da jirgin ƙasa ke sabo, fasinjoji kan fita daga haɗari da ƙafafunsu, bayan kwanaki su fara kukan baya da sagewar gaɓoɓi. Likita John Erichsen ya rubuta littafi a kansu a 1866 yana cewa laka ce ta girgiza, kamfanonin jirgi da likitocinsu suka ce firgita ce ko neman diyya, aka yi shekaru ana ja-in-ja a kotuna. Babu na'urar da za ta raba gardamar a lokacin. Yau akwai. Saboda haka yaron da ya ce ƙafarsa ta yi nauyi bayan faɗuwa, a gaskata shi tukuna, in ya so in bincike ya wanke ƙafar a yi masa faɗan lambo daga baya.

Kada kuma ku ɗauka sai babban haɗari. A ƙasar Sin likitoci sun tattara labarin yara masu yawa, akasarinsu 'yan mata ƙanana da ba su kai shekara goma ba, waɗanda suka shanye daga ƙugu zuwa ƙasa bayan atisayen gantsarewa ta baya a ajin koyon rawa. Yarinya ta gantsare, ta ɗan zame, ta tashi tana kukan baya da ƙafa, malama ta lallashe ta, wani lokaci har a ci gaba da darasi, cikin sa'o'i kaɗan ƙafafu su tafi, hoton ƙashi kuma fes. A tsibiran Hawayi, a 2004, an bayyana irin wannan a jikin sababbin masu koyon hawan igiyar ruwa, waɗanda ke daɗewa rub da ciki a kan allo suna gantsare da baya. Jarirai kuma, jijjiga su da ƙarfi cikin fushi don su yi shiru ya isa ya raunata ƙwaƙwalwa da lakar wuya. Wadda aka bar wa reno ta ji kukan ya ishe ta, ta ajiye shi a shimfiɗa ta fita tsakar gida ta sha iska.

Tsofaffinmu ma suna da nasu kaso, ta wata fuskar. Da shekaru, ramin da laka ke bi a wuya yakan tsuke saboda tsiron ƙashi da kaurin jijiyoyi. Kaka ta zame a bakin rijiya ko a makewayi ta faɗi ta goshi ko haɓa, kai ya wancakale baya, laka ta matsu a tsakiya ba tare da karaya ba. Likita Richard Schneider ya siffanta wannan tun 1954, kuma alamarsa mai ruɗarwa ce: hannuwa sun fi ƙafafu mutuwa. Tsoho na iya takawa amma ya kasa riƙe kofin shayi ko jan carbi, tafukansa na zugi. A gida sai a ce hawan jini ne ko tsufa. Jikan da ya lura da ƙujewar goshi ya haɗa ta da hannun, ya yi wa kakansa babban aiki. In kuma tsohon na shan maganin tsinka jini, a gaya wa likita tun kafin ya tambaya.

Yanzu a ce kai ne a tsaye, wani ne a ƙasa. Al'adarmu a wurin haɗari ita ce a yi ca a kan mutum, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kai na reto, a zaunar da shi, a yayyafa masa ruwa, a ɗura masa a baki, a cusa shi a adaidaita a naɗe, ko a sa shi tsakiyar mutum biyu a kan babur. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, kuma an gurgunta mutane da yawa da ita. Abin da ya dace ba shi da wuya. Durƙusa ta saitin kansa, ka sa tafukanka biyu a gefen kunnuwansa, ka riƙe kan yadda ka same shi, ka ce masa kada ya gyaɗa kai, ya amsa da baki. Tambaye shi inda ke ciwo. Ce masa ya motsa yatsun hannu da na ƙafa, wani ya taɓa su ya ji ko yana ji. Hular kwano a bar ta a kansa sai in ta hana numfashi. Kada a ba shi ruwa ko abinci. A Najeriya lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. In babu motar asibiti, kuma sau da yawa babu, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su mirgina shi gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu su juya tare, mai riƙe da kai shi ke ba da umarni. A naɗe zane ko riga a tokare gefen kai biyu, a ɗaure shi da rawani ko gyale a jikin katakon, a sa shi a motar da zai kwanta a miƙe, direba ya bi a hankali. In amai ya taso, a karkata shi da katakon baki ɗaya. Wanda ya bugu a ruwa, a juyo fuskarsa sama a tallafe kai da baya tun a cikin ruwan. In wuta ce ta taso, ko motoci na tahowa, ko numfashi ya tsaya, to rai ne gaba, a janye shi ta hammata a miƙe, kai na jingine a hannuwan mai ja.

Wahalar a nan ita ce kai yaro ne, masu cewa a ɗaga shi kuwa manya ne. Ba sai ka ɗaga murya ba. "Baba, don Allah a yi haƙuri, ya ce ƙafarsa ta sage, an ce in haka ta faru ba a zaunar da mutum." "Alhaji, a taimaka mana da ƙyauren can." Hannunka na kan mara lafiyar, idonka na ƙasa, maganarka a tausashe, amma kada ka saki. Dattijon kirki in ya ji dalili yakan karɓa, har ya taya ka korar masu gaggawa.

A asibiti, likitan da ke duba mutum hamsin a dare ɗaya zai ga saurayi yana motsa gaɓoɓinsa, ya ga hoto ba karaya, kuma ba laifinsa ba ne in ya sallame ku alhali ba ku gaya masa komai ba. Ku ba shi labarin filla-filla: daga ina ya faɗo, ta ina ya sauka, ƙarfe nawa, me ya ji, a gaɓoɓi nawa, minti nawa ya ɗauka kafin ya dawo. Ku ce, "Likita, da ya faɗi ƙafafunsa biyu sun mutu na ɗan lokaci." Wannan jimla kan canza komai: a sa masa abin ɗaure wuya, a kwantar da shi a sa ido, a nemi hoton maganaɗisu ko a tura ku inda yake, kamar asibitocin koyarwa ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ba rashin ladabi ba ne ka tambayi likita ko an duba laka, ko kuwa ƙashi kaɗai aka duba. Abin da za su yi ya danganta da abin da suka gani. In kumburi ne, hana motsi da tsare ƙarfin jini kada ya faɗi, domin lakar da ta jigata ba ta jure ƙarancin jini, har mako guda ana lura da wannan. In gudan jini ne ko faifan guringuntsi ke danne ta, tiyata ce, kuma da sauri. Wani bincike da Michael Fehlings na Toronto ya jagoranta, aka fitar a 2012, ya bi mutum 313 masu raunin lakar wuya: cikin waɗanda aka yi wa tiyata kafin sa'a 24, kusan ɗaya cikin biyar ya samu gagarumin sauƙi, cikin waɗanda aka jinkirta kuwa bai kai ɗaya cikin goma ba. Ku duba yawan sa'o'in da mukan ɓatar a taron dangi ana shawarar ko a bari a ga safiya.

In an sallame ku, kwana huɗun farko a sa ido, kuma wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ya fi kowa gani. Silifa na zamewa daga ƙafarsa bai sani ba? Yana tuntuɓe a inda ba komai? Cokali na faɗuwa daga hannunsa, ko ya kasa sa maɓallin riga? Ya wuni bai yi fitsari ba mara ta cika, ko ya jiƙa shimfiɗa alhali ya daɗe da wuce wannan? Yana jin kamar an ɗaure masa ƙirji ko ciki da ɗamara, ko matse-matsinsa ya mutu ba ya jin ruwan tsarki? Ƙaramin yaro da bai iya bayani ba, ya daina rarrafe, ko ya karkace wuya ya ƙi a taɓa? Akwai wadda kunya ke sa a ɓoye: gaban namiji ya miƙe ya ƙi kwanciya ba tare da sha'awa ba bayan buguwa a wuya ko baya. Alamar laka ce, likitoci sun san ta sarai, a gaya musu. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a koma asibiti a daren, a kwance.

Ba duk labarin ne baƙi ba. Wanda raunin bai datse laka gaba ɗaya ba, wanda ya zo da sauran motsi ko sauran ji a ƙasan wurin, kuma hoton maganaɗisu ya nuna kumburi kawai ko bai nuna komai ba, sau da yawa yakan warke sarai ko ya kusa. Wanda ya shanye ɗungurungum tun farko, ko jini ya fashe a cikin lakar kanta, shi ne dawowarsa ke da wuya, kuma ƙananan yara sun fi faɗawa wannan rukuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka a duniya, da yawansu suna karatu, suna sana'a, suna aure. Wanda Allah ya jarraba da shi a cikinku, ku riƙa zuwa hira, ku tura kekensa zuwa masallaci da majalisa, kada ziyarar ta ƙare a makon farko.

Wanda ya samu sauƙi kuma, saura haƙurin zama. Likitoci kan sa abin ɗaure wuya har tsawon mako goma sha biyu, su hana wasan gudu da tsalle da kokawa har wata shida. Sun ɗan saɓa a kan tsawon lokacin, saboda haka naka likitan za ka bi. Dalilin tsaurin ya fito ne daga asibitin nan na Pitsbag. A 1988 Pang da abokan aikinsa suka ba da labarin yara takwas cikin 42 da suka sake jin raunin laka karo na biyu, tsakanin kwana uku zuwa mako goma bayan na farko, kuma na biyun yakan fi muni. Abin wuyan yana da zafi, yana sa ƙaiƙayi, yara na tsokana, a mako na uku mutum ji yake garau, ga gasar unguwa ta zo kuma babu mai tsaron gida kamarsa. A nan abokai ke shigowa. In ya zo fili ya cire abin wuyan ya cusa a aljihu, kyaftin ya ce ba za a buga da shi ba, sauran su goya wa kyaftin baya, a ba shi usur ya yi alƙalanci daga gefe.